Jakunkunan Saƙar Andis: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ke leƙa shagunan intanet zai iya cin karo da su: jakunkuna masu ratsin ja da kore da ruwan hoda, wasu da bakin fata, an rubuta cewa daga Peru ko Bolibiya suka fito. A hoto duk kamanninsu ɗaya. A hannu kuwa, wata saƙar da mace ta yi makonni a kanta ce, wata inji ne ya zubo yadinta, wata kuma tsohon zanen gado ne aka sa wa almakashi. Ba kowane mai sayarwa ne zai faɗa muku wacce ce wacce ba.

Ina ne Andis, kuma su wa ke wannan saƙa?

Andis jerin tsaunuka ne da ya bi gefen yammacin Amurka ta Kudu, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 7,000, ya ratsa ƙasashe bakwai. Cibiyar saƙar da muke magana a kai ita ce Peru da Bolibiya da wani yanki na Ekwado, a ƙauyukan da ke sama da mita 3,000 daga doron teku, inda ake jin harsunan Kecuwa da Aimara. Mutanen wurin manoman dankalin Turawa ne da makiyaya. Ƙasar sanyi ce, don haka zare da saƙa ba ado kaɗai ba ne a gare su. Galibin masu saƙar mata ne. Yarinya takan fara da kaɗi da mazari a wurin kiwo, sai ta koma saƙa siririn ɗamara da ba ta wuce faɗin yatsa ba, daga nan hannunta ya yi ta faɗaɗa har ta kai ga babban zane.

Waɗanne jakunkuna ne na gargajiya, waɗanne ne sabon yayi?

Na gargajiya ba su da yawa. Akwai chuspa, 'yar ƙaramar jaka mai maratayi da tuntaye a gindi, wadda ake zuba ganyen koka. Akwai buhuna masu ratsin fari da baƙi da ruwan ƙasa da ake ɗora wa dabbar lama dankali ko masara, akwai mangala ta bayan doki da jaki. A Ekwado akwai shigra, wadda ake yi da allura da zaren wani tsiro mai suna kabuya.

Amma babbar jakar mutanen Andis ba jaka ba ce. Zane ne mai kusurwa huɗu, a Bolibiya ana ce masa awayo, a yankin Kusko na Peru kuma lliklla, ko ƙeferina idan babba ne na ɗaukar kaya. Mace ta zuba kayanta a tsakiya, ta naɗe, ta jefa a baya, ta ƙulle bakin biyu a ƙirji. Da shi take goyo, da shi take kai dankali kasuwa, in ta isa ta shimfiɗa shi ta baza haja a kai.

Jakar hannu mai zif, jakar baya ta 'yan makaranta, jakar kwamfuta, lalitar kuɗi, duk waɗannan sun zo ne da 'yan yawon buɗe ido da kasuwar waje. Ba aibi ba ne, kuma su ke ciyar da gidaje da dama a yau. Sai dai kusan dukkansu sai an yanka zane kafin a ɗinka su, kuma a nan maganar take.

To mene ne a cikin yanka zane? Ba haka tela ke yi ko'ina ba?

Ko'ina, amma ban da saƙar Andis ta asali. Sai an san yadda masaƙarsu take kafin a gane.

Masaƙar ƙugu sanduna biyu ce da zare a tsakaninsu. Sanda ɗaya a ɗaure jikin turke ko bishiya, ɗayar kuma a jikin ɗamarar da ta zagaye ƙugun masaƙiya. In ta jingina baya zare ya miƙe, in ta sunkuyo ya saki. A kewayen tafkin Titikaka da ke kan iyakar Peru da Bolibiya kuma turaku huɗu ake kafawa a ƙasa, a shimfiɗa saƙar a kwance. Ko wacce aka ɗauka, zaren tsaye ne ke fitowa a fuskar zanen, na kwance a ɓoye yake. Adon da ke jiki, wanda suke kira pallay, da yatsa ake tsinto shi: masaƙiya ta ƙirga zare, ta ɗago wannan ta danne wancan, layi bayan layi, ba takarda a gabanta, duk lissafin yana kanta. Sannan ta daddanne da wani tsinken ƙashin ƙafar lama har saƙar ta yi tauri.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne ba a yanke zanen daga jikin masaƙa. Tun wajen jan zare an riga an yanke shawarar tsawonsa da faɗinsa. In saƙa ta zo ƙarshe, wuri ya ƙure, da allura ake cusa sauran layukan. Zanen sai ya fito da baki huɗu duk a rufe, babu inda ke buƙatar kalmasa. Chuspa ma haka ake yinta: a saƙa daidai girmanta, a ninka, a ɗinke gefe biyu, har ƙaramin aljihun da ke jikin wasu a kan masaƙa ake fitar da shi.

Saboda haka idan aka ga jaka mai zif da shafi, tambayar farko ita ce wane zane aka yanka. Idan an saƙa shi ne musamman don jaka, daidai awon da tela ke so, babu abin cewa, kuma ƙungiyoyin masaƙa da yawa haka suke yi yanzu. Idan yadin inji ne, shi ma babu asara. Inda ake jin ciwo shi ne lliklla mai kyau da aka yi watanni ana saƙawa, a yayyanka ta a fitar da lalita shida.

Tun yaushe ake wannan sana'a?

Ta girmi tukwane a yankin. A kogon Gitarero da ke arewacin Peru an tono guntayen igiya da saƙar zaren tsiro da suka haura shekara 10,000. A Waka Prieta, bakin teku, an samu ƙyallen auduga rinanne da baba mai shekara kimanin 6,000, wanda shi ne rinin shuni mafi tsufa da aka sani a duniya. A 1927 masanin tarihi ɗan Peru, Julio C. Tello, ya tono gawarwaki 429 a maƙabartar Parakas, an naɗe su da manyan mayafai masu aikin allura. Busasshen yashin hamada ya adana su, launinsu na nan bayan kusan shekara 2,000.

A daular Inka, wadda ta mulki yankin kafin zuwan Turawa, ba ta kuma buga tsabar kuɗi ba, tufa na cikin manyan dukiyar hukuma. Gwamnati ta ba gida gashi ko auduga, gida ya mayar mata da saƙa a matsayin haraji. Akwai awaska ta yau da kullum, akwai kumbi mai tsananin laushi, wadda zaɓaɓɓun mata da ƙwararrun maza ke yi wa sarki. Da tufa ake sallamar soja, da ita sarki ke ɗaure amana da sarakunan da ya ci da yaƙi, har ƙona ta ake yi a matsayin hadaya.

Da Francisco Pizarro ya kama sarki Atahualpa a 1532, Sifaniyawa zinariya da azurfa suka zo nema. Sun kawo tumaki da masaƙar ƙafa, suka buɗe gidajen saƙa na aikin tilas. Bayan tawayen Túpac Amaru na Biyu, wanda aka kashe a dandalin Kusko a 1781, hukumar mulkin mallaka ta haramta tufafin sarautar Inka. Shigar maza ta canza sosai. Abin da ya tsira shi ne na hannun matan ƙauye: zanen goyo, ɗamara, da jakar koka.

Da gashin wace dabba ake yi?

Yawancin saƙar ƙauye a yau ta gashin tunkiya ce ko na alfaka, ko gaurayensu. Alfaka da lama dangin raƙumi ne marasa tozo. Gashin lama ya fi kaushi, shi ya sa ake buhu da igiya da shi. Na alfaka ya fi laushi, kuma mafi yawan alfakar duniya a Peru suke. Ga jakar da za a riƙa jifa a mota kullum, gashin tunkiya mai murɗi sosai ya fi jure wahala, ko da yake masu talla sun fi son ambaton alfaka.

Akwai kuma bikunya, 'yar uwarsu ta daji, wadda gashinta ke cikin mafi laushi da tsada a duniya. Farauta ta kusa ƙarar da ita kafin Peru ta keɓe mata gandun Pampa Galeras a 1967. Yanzu tara su ake yi a yi musu sausaye a sake su, ƙarƙashin doka mai tsanani. Duk wanda ya ce muku jakarsa ta kasuwa ta bikunya ce, ku yi gaba.

Wannan jan mai ɗaukar ido daga ina yake?

Idan rinin gargajiya ne, daga ƙwaro. Kociniya wani ɗan ƙwaro ne da ke manne a jikin tsiro mai ƙaya da faffaɗan ganye mai kauri, ya lulluɓe kansa da farin abu kamar gari. Ana kankare matan, a shanya, a niƙa. Sai an tara kimanin 70,000 kafin a cika rabin kilo. Abin sha'awa, garin nan ɗaya yana ba da launi da yawa gwargwadon abin da aka haɗa shi da shi: da alimun ya yi ja, da ruwan lemon tsami ya koma ruwan goro, da wasu gishirin ƙasa ya tafi shunayya. Peru ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, kuma shi ne jan da ake sa wa wasu kayan zaƙi da jan baki, mai lamba E120.

Rawaya daga furen ƙolle ake samu, kore daga ganyen chilka, ruwan ƙasa daga ganye da ɓawon wata bishiya mai suna nogal, shuɗi daga baba.

Ruwan hoda mai walƙiya da kore shar irin na fitila kuwa rinin kamfani ne. Tun da William Perkin ya haɗa rinin sinadari na farko a Ingila a 1856, garin rini mai araha ya bazu har ya isa kasuwannin tsauni, kuma a ƙauyuka da dama ilimin rinin tsiro ya kusa ɓacewa kafin a farfaɗo da shi. Kada dai a ɗauka mai rinin kamfani jabu ne. Matan birnin La Paz na Bolibiya da kansu suna son launi mai ƙarfi, sun kuma daɗe suna zaɓensa. Sau da yawa baƙo ne ke neman launi mai sanyi yana cewa shi ne na asali.

Zane-zanen jiki suna da ma'ana?

Suna da sunaye, kuma suna nuna gari. Akwai inti, wato rana, akwai chaska, tauraro, akwai layi mai karkace da ake kira da sunan kogi, akwai mai siffar tafki. Mutanen Chinchero an san su da adon loraypo da kuma wani bakin zane mai jerin idanu. A Bolibiya bambancin ya fi fitowa fili. Saƙar Jalƙa, yammacin birnin Sukre, ja da baƙi ce kawai, cike da halittu masu fukafukai da kawuna barkatai, wasu a cikin cikin wasu, babu sama babu ƙasa. Maƙwabtansu na Tarabuko kuma komai a jere yake a kan farar ƙasa: dawakai, tsuntsaye, mutane a wurin biki. Wanda ya san ƙasar, daga zanen bayan mace zai faɗi ƙauyensu.

Inda za a yi hattara shi ne 'yar takardar da ake maƙala wa jaka, mai cewa wannan alama tana kawo arziki, waccan tana nufin soyayya. Da yawa daga irin wannan fassara ta 'yan kasuwa ce. Adon ɗaya kan canza suna daga wannan kwari zuwa wancan, kuma masaƙiya za ta iya ce muku ta saƙa shi ne don haka ta koya wurin kakarta.

Akwai abin addini a ciki?

Mafi yawan mutanen yankin Kiristoci ne, amma da yawa suna haɗawa da tsoffin al'adu na girmama ƙasa, wadda suke kira Pachamama, da manyan duwatsu. Akwai ƙananan ƙyallaye da aka keɓe don irin waɗannan hidimomi, kuma a wasu zannuwa akan sa zaren da aka kaɗa ta hagu a gefe da niyyar kariya. Jakunkunan kasuwa dai kayan sayarwa ne tun farko. Wanda ba ya son surar dabba ko mutum zai sami masu ratsi zalla da yawa. Idan da fata a jiki, a tambayi ta wace dabba ce, musamman ta shafin ciki.

Ita chuspa, me ya haɗa ta da ganyen koka?

Don shi aka yi ta. Mutanen Andis sun yi dubban shekaru suna tauna ganyen koka don rage yunwa da gajiya da wahalar numfashi a kan tsauni. Matsayinsa a wurinsu kusan na goro ne a wurinmu: da shi ake gaisawa, da shi ake neman aure, da shi ake buɗe zaman shawara. A tsibirin Takile da ke tafkin Titikaka, magidanta biyu in sun haɗu, kowa zai ɗebi ganye daga jakarsa ya zuba a ta ɗan uwansa, kuma mace ce ke saƙa wa mijinta jakar.

Tauna ganyen halal ne a dokar Peru da Bolibiya. Bolibiya har ficewa ta yi daga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, ta dawo a 2013 da sharaɗin a bar mata al'adarta. Amma daga ganyen nan ake sarrafa hodar iblis, kuma yarjejeniyar ta hana fita da shi ba tare da izinin hukuma ba. Wanda ya je can ya sayo chuspa, ya zazzage ta sarai kafin ya hau jirgi. Jami'in NDLEA a filin jirgin Kano ko Legas ba darasin al'ada ya zo ji ba.

Yaya za a gane saƙar hannu da ta inji?

A juya bayanta, in shafi bai rufe ba. A yawancin saƙar pallay adon na fitowa fuska biyu, launin ne kawai ke juyawa. A duba maimaicin ado: na hannu ba ya zama daidai wa daida, wani tauraro zai ɗan fi wani tsawo. Na hannu yana da nauyi da tauri, na inji sakwaf yake kuma yana sheƙi. Idan an sami ɗan zaren da ya zaro, a ƙona shi. Gashi yana ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Zaren roba narkewa yake ya dunƙule.

Sai farashi. Araha ba ta ado. Jakar baya da ake sayarwa kuɗin faranti biyu na abinci ba za ta zama aikin makonni ba. Awayon inji na zaren roba shi ne abin da dubban mata ke goyo da shi yau a La Paz da El Alto, don haka ba abin raini ba ne. Abin ƙi shi ne a sayar da shi da sunan saƙar hannu.

Jakar da aka ce an yi da tsohon zane fa?

A nan nake ba da shawarar a ja baya kaɗan. Akwai frazada, bargo mai kauri da ake haɗawa daga ƙyalle biyu. Iyalai kan sayar da tsofaffinsa da son ransu, wani ma ya riga ya huje, mayar da shi jaka ceto ne. Amma kasuwar tsohon zane tana da tabo. Garin Koroma da ke yankin Potosi a Bolibiya yana da ƙunshin tufafin kakanni masu ɗaruruwan shekaru, waɗanda ake fito da su a farkon Nuwamba. A shekarun 1970 da 1980 dillalai suka yi ta sulale su zuwa waje. A 1988 jami'an kwastan na Amurka suka kama wasu a San Faransisko, kuma sai 1992 aka mayar wa garin wani kaso. Birnin Gotenbag na Suwidin ma ya riƙe kayan Parakas 89 da aka fitar a ɓoye a shekarun 1930, bai fara mayar da su Peru ba sai 2014.

Ba cewa ake jakar kasuwa daga irin waɗannan aka yanko ta ba. Amma duk lokacin da tsoho ya fi sabo kuɗi, dillali zai bi ƙauye yana saye da arha, tsofaffin samfura su ƙare, 'yan mata su rasa abin dubawa su koya, masaƙiyar da ke raye kuma ba ta sami ko sisi ba. Dokokin Peru da Bolibiya sun hana fitar da kayan tarihi, don haka mai sayen abin da ya tsufa ƙwarai yana iya rasa shi a filin jirgi.

Kuɗin yana kaiwa ga masu saƙar kuwa?

Ya danganta da hannun da aka bi. A kasuwar 'yan yawon buɗe ido sau da yawa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa masaƙa suka kafa ƙungiyoyi. A Kusko akwai Cibiyar Saƙar Gargajiya da Nilda Callañaupa Alvarez, 'yar Chinchero, ta jagoranci kafawa a 1996. Tana aiki da ƙauyuka goma, tana koyar da yara, ta kuma dawo da dabarun da suka kusa mutuwa. A Sukre akwai ASUR, wadda Verónica Cereceda da Gabriel Martínez suka fara a tsakiyar shekarun 1980. Lokacin dillalai sun kwashe tsofaffin saƙar Jalƙa, har sai da aka nemo hotunansu aka nuna wa mata suka sake koyo. Takile kuma, inda maza ke saƙa hula tun suna yara, UNESCO ta ayyana saƙarsa cikin gadon ɗan Adam a 2005, kuma mutanen tsibirin suna sayar da kayansu a shagon haɗin gwiwa.

Alamar mai gaskiya ita ce ya iya faɗin ƙauye, irin gashi, da irin rini. Wasu ƙungiyoyi har sunan masaƙiya da hotonta suke sa wa kaya. Wanda amsarsa ba ta wuce "daga Peru" ba, bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ba ya son ku sani.

Jakar Wayu ta Kolombiya tana cikinsu?

A'a. Wayu mutanen hamadar La Guwahira ne a bakin tekun Karebiyan, kuma jakarsu mai zagayen gindi da ƙoshiyar saƙa ta hannu ake yinta, ba a kan masaƙa ba. Kyakkyawa ce, amma al'ada ce daban.

Yaya za a kula da ita a yanayinmu?

Ƙurar hunturu a kakkaɓe ta ko a bi ta da buroshi mai laushi, ba sai an wanke ba. In wanki ya zama dole, da hannu, da ruwan sanyi, da ɗan sabulu marar ƙarfi ko man wanke gashi. Omo da bilic suna cin gashi, kuma suna iya juya jan kociniya ya koma wani launi. Kada a murɗe ta wajen matsewa. A naɗe ta cikin tawul a danna, a shimfiɗa a inuwa, don ranar Maris da Afrilu tana kashe rini. Mai bakin fata kada a tsoma ta cikin ruwa, a goge wurin da ya ɓaci kawai. Kafin a rataya sabuwa a kan farar riga, a goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle a ga ko tana zuba.

Da damina kada a kulle ta cikin leda, za ta yi fumfuna. Babban abokin gabanta asu ne, kuma ya fi samun kayan da aka ajiye da datti a lungun akwati. In za a adana ta na watanni, a tabbatar ta bushe kuma tana da tsabta, a sa ta cikin jakar auduga da ɗan kafur a gefe, ba a jikinta ba, a riƙa fito da ita tana shan iska.